Yaƙi tsakanin 'yan wasa a EVE Online: abin da sabon shiga ke bukatar sani

EVE Online wasan kwamfuta ne da ake yi ta intanet, wanda kamfanin CCP Games na birnin Reykjavik a ƙasar Aislan ya fitar a watan Mayun 2003. Kowane ɗan wasa matuƙin jirgin sararin samaniya ne a wata duniyar ƙage mai suna New Eden, wadda ta ƙunshi shiyyoyi sama da 7,000. Shiyya tana nufin tauraro guda da duniyoyin da ke kewaya shi, kuma ana ratsawa daga wata zuwa wata ta manyan ƙofofi da ke shawagi a sarari. In aka ɗebe ƙasar Sin, wadda ke da nata dandalin daban, dukkan 'yan wasan duniya suna haɗuwa ne a dandali ɗaya mai suna Tranquility. Kasuwa ɗaya suke ci, hanya ɗaya suke bi, kuma duk wanda ya fito daga tasha yana iya yin kiciɓis da wanda zai far masa.

Abin da ya fito da sunan faɗan wannan wasa shi ne yadda asararsa take da zafi. Jirgin da aka tarwatsa ya tafi ke nan. Kowace na'ura da aka ɗaura masa, ko dai ta ƙone tare da shi ko ta rage a cikin tarkace wanda ya yi nasara ya kwashe, kuma yiwuwar hakan rabi da rabi ce. Kusan dukkan jiragen 'yan wasa ne ke ƙera su daga ma'adinan da wasu suka haƙo, sannan a sayar da su da kuɗin wasan da ake kira ISK.

Tsoron wannan asara ne ke sa sababbin shiga da yawa su shafe watanni suna haƙar ma'adinai ko suna yaƙar jiragen da kwamfuta ke tuƙawa, suna jiran ranar da za su ga sun isa. Jiran ba ya haifar da ɗa mai ido. Gaskiya ne matuƙi yana tara darajojin ƙwarewa da agogo, ko mai shi yana barci, amma sanin yadda ake karanta faɗa ba ya taruwa haka. Wanda ya tara kuɗi ya sayi babban jirgi bai taɓa gwabzawa da mutum ba, yakan rasa shi cikin minti guda ba tare da ya gane abin da ya faru ba, kuma da yawa daga nan suke ajiye wasan. Tsofaffin 'yan wasa suna da ƙa'ida ɗaya da suke maimaita wa kowa: kada mutum ya hau jirgin da ba zai iya jure rasa shi ba.

Inda doka take da inda babu ita

Kowace shiyya tana da lambar tsaro. Daga 1.0 zuwa 0.5 yankin tsaro ne, inda 'yan sandan wasan da ake kira CONCORD ke tarwatsa jirgin duk wanda ya kai wa wani hari ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai hukunci suke yi bayan an aikata, ba sa hana aikatawa, kuma zuwansu yana ɗaukar daƙiƙoƙi. Akwai masu sadaukar da jirage masu araha su kashe mai ɗauke da kaya masu tsada kafin 'yan sandan su iso. Shiyyar Uedama ta yi ƙaurin suna a kan haka.

Daga 0.4 zuwa 0.1 yankin ƙaramin tsaro ne. CONCORD ba ta zuwa, amma bindigogin da ke gadin ƙofofi da tashoshi suna buɗe wa wanda ya fara hari a gabansu wuta, kuma ƙaramin jirgi ba ya jure musu. Mai harin yana zama abin farauta ga kowa na tsawon minti 15, darajar mutuncinsa a idon hukuma kuma tana raguwa. Idan ta faɗi ƙasa sosai, shiga yankin tsaro ya zama masa wahala. Daga 0.0 zuwa ƙasa babu doka sam, sai ta ƙawancen 'yan wasan da ke riƙe da yankin. A can ne ake baza wata irin kumfa a bakin ƙofa wadda ke hana duk jirgin da ke cikinta tserewa.

A kusa da ma'aunin lafiyar jirgi akwai ɗan maɓallin kariya mai launi uku. Kore yana hana matuƙi aikata duk abin da zai jawo masa hukunci, rawaya yana ba shi damar zama abin zargi, ja kuma yana sakar masa mara gaba ɗaya. Mai niyyar faɗa a yankin ƙaramin tsaro yakan bar shi a rawaya. Wanda ya manta shi a kore zai ga abokin gaba a gabansa bindiga ta ƙi tashi.

Wani agogon da ya fi kashe sababbi shi ne na makami. Duk wanda ya harbi ɗan wasa, ko ya kunna masa wata na'urar cutarwa, ba zai iya shiga tasha ko ratsa ƙofa ba sai bayan daƙiƙa 60 da dainawa. Masu wayo suna amfani da wannan: su jawo mutum ya yi harbi a bakin ƙofa, su ratsa su bar shi, ko kuma abokansu su faɗo masa a lokacin da ba shi da mafita.

Jirgin farko

Tun daga Nuwambar 2016 ana iya yin wasan kyauta da asusun da ake kira Alpha, wanda ke da iyaka a kan ƙwarewar da zai koya da na'urorin da zai yi amfani da su. Iyakar ba ta hana fara faɗa, domin jirgin da ya dace da sabon shiga shi ne mafi ƙanƙanta, wato firiget na matakin farko. Kowace daga cikin daulolin wasan huɗu tana da nata: Rifter da Breacher na Minmatar, Merlin da Kestrel na Caldari, Incursus da Tristan na Gallente, Punisher da Tormentor na Amarr. Mataki na gaba shi ne disturoya, irin su Thrasher da Catalyst da Coercer, masu bindigogi da yawa amma marasa ƙwari.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce mutum ya zaɓi jirgi ɗaya, ya sayi goma ko ashirin a lokaci guda a babbar kasuwa kamar Jita ko Amarr ko Dodixie, ya ɗaura musu kaya iri ɗaya, ya jibge su a wata tasha kusa da fagen faɗa. Hikimar a fili take. Wanda ke da jirgi ɗaya tak yana tuƙa shi da fargaba, kuma idan ya rasa shi sai ya sake doguwar tafiya zuwa kasuwa ransa a ɓace. Wanda ke da ashirin yana komawa fage cikin mintuna, darasin da ya koya bai huce ba. Ana yi wa kowane jirgi inshora a tasha, mai aiki na makonni 12. Tana biyan kuɗin gangar jirgin kaɗai, ban da na'urori, kuma ba ta biyan wanda CONCORD ta tarwatsa.

Wuraren ɗaura na'ura hawa uku ne. Na sama na makamai ne. Na tsakiya na injin ƙara gudu ne da kayan kamu da na ƙarfafa garkuwa. Na ƙasa na sulke ne da na ƙara wa makami ƙarfi. Jirgi yana da kariya uku a jere, garkuwa da sulke da gangar jiki, kuma ƙa'ida ita ce a zaɓi ɗaya a ƙarfafa. Mai son garkuwa zai sadaukar da wani abu daga kayan kamu, mai son sulke kuma zai rage ƙarfin duka, sau da yawa har da gudu. Wanda ya raba ƙafa ya ɗaura rabi nan rabi can ba ya samun ko ɗaya. Haka ma haɗa bindigar nesa da ta kusa a jirgi ɗaya: a kowane nisa rabin makamansa ne kawai ke aiki. Akwai wurin gwajin ɗauri a cikin wasan da ke nuna ko jirgi zai iya ɗaukar kayan kafin a kashe ko sisi.

Kamu, nisa da gudu

Jirgi yana da tafiya iri biyu. Akwai gudun da ake aunawa da mita a daƙiƙa, wanda da shi ake faɗa. Akwai kuma zabura, wato tsallen da ke kai jirgi daga wannan duniya zuwa waccan cikin ɗan lokaci. Kafin jirgi ya zabura sai ya fuskanci inda za shi, ya kuma kai kashi 75 cikin 100 na iyakar gudunsa. Tunda kowa na iya zabura idan ya ga wuya, babu faɗan da ke ƙarewa da kisa sai an turke abokin gaba.

Turken iri biyu ne. Mai dogon zango, wanda 'yan wasa ke kira foyin, yana kamawa daga kilomita 20, ingantaccensa kuma 24, amma zabura kaɗai yake hanawa. Mai gajeren zango, wato sikiram, ba ya wuce kilomita 7.5 zuwa 9, sai dai bayan hana zabura yana kashe babban injin ƙara gudu. Na'ura ta uku ita ce dabaibayi, wadda ake kira web, mai aiki a cikin kilomita 10. Tana rage gudun jirgi da rabi ko fiye da haka kaɗan. Injin ƙara gudu shi ma biyu ne. Babban yana ninka gudu kusan sau shida, amma yana shan batir, yana kumbura girman jirgi a idon bindigogi, kuma sikiram na kashe shi. Ƙaramin bai kai shi gudu ba, amma babu abin da sikiram ke yi masa.

Daga waɗannan na'urori ne salon faɗa ya rabu. Akwai mai faɗan ƙirji da ƙirji, wanda ke son ya manne wa abokin gaba a kilomita ɗaya ko biyu da bindigogi masu zafi marasa nisa, kamar yadda Incursus ya saba. Akwai mai tsayawa a bakin iyakar sikiram, wajen kilomita bakwai zuwa takwas, inda dukansa ke isa amma na mai faɗan kusa ba ya isowa. Akwai kuma mai faɗan nesa, wanda ke kewayawa a wajen kilomita 20 da babban inji da dogon turke, yana yi wa mutum ɗauki ɗai-ɗai. Idan mai faɗan nesa ya yi sakaci ya shigo cikin kilomita tara, injinsa ya mutu, shi ma ya mutu. Idan kuma mai faɗan kusa ya kasa cim masa, haka zai zauna ana cin sa har ya ƙare. Kusan duk faɗan ƙananan jirage amsa ce ga tambaya ɗaya: wa ke da ikon zaɓar nisan da za a yi shi?

Ga sabon shiga faɗan kusa ya fi sauƙin koyo, domin kurakuransa ba su da yawa kuma sakamakonsa ba ya jinkiri. Faɗan nesa yana bukatar tuƙi da hannu, ta hanyar danna sarari sau biyu a inda ake son jirgi ya nufa, maimakon dogaro da umarnin kewayawa da wasan ya tanada.

Bindiga tana juyawa ne tana bin abin harbi, kuma babbar bindiga ba ta juyawa da sauri. Saboda haka firiget da ke kewaya babban jirgi a kusa-kusa yana iya tsira daga harsasansa, alhali wanda ya taho masa kai tsaye a miƙe ɗaya zai tarwatse kafin ya iso. Ana tunkarar babban jirgi ne a karkace. Abin tsoro a wurinsa shi ne ƙananan jirage marasa matuƙi da yake saki, da dabaibayi, da na'urar zuƙe batir. Nau'in harsashi ma yana da tasiri: a jiragen matakin farko garkuwa ta fi rauni ga dukan lantarki, sulke kuma ga na fashewa. Sannan akwai ƙure na'ura, wato tilasta mata aiki fiye da ƙima na ɗan lokaci. Yana ƙara duka da gudu da nisan turke, amma idan aka zarce na'urar ta ƙone ta daina aiki ana tsakiyar faɗa.

Ido kafin hannu

Galibin faɗa ana cin sa ko a faɗi tun kafin harbin farko. Zauren hirar shiyya yana nuna sunan duk wanda ke cikinta, ko bai ce uffan ba, in ban da wurare irin su shiyyoyin ramuka, inda ba a ganin mutum sai ya yi magana. Idan sunaye goma 'yan ƙungiya ɗaya suka bayyana a lokaci guda, jirgin da ke zaune shi kaɗai kamar ya ɓata hanya tarko ne. Shafin zKillboard, wanda 'yan wasa ke gudanarwa, yana tara bayanan kashe-kashe, kuma daga sunan mutum ana iya ganin jiragen da ya saba hawa, da kayan da yake ɗaurawa, da ko shi kaɗai yake farauta ko da gayya.

Na'urar hange tana nuna jiragen da ke cikin nisan da ya kai ninki 14.3 na tazarar da ke tsakanin duniyarmu da rana. Ana iya buɗe ta ta ga kowane ɓangare, ko a matse ta zuwa digiri biyar don gano takamaiman inda jirgi yake. Ba ta sabunta kanta. Sai an danna. Ƙwararru suna danna ta duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, har a tsakiyar faɗa, domin ita ce ke sanar da zuwan 'yan agaji.

Wanda ya ratsa ƙofa yana fitowa a ɓoye na daƙiƙa 60 matuƙar bai motsa ba. Idan ya tarar da 'yan kwanton ɓauna, wannan mintin na tunani ne: ko ya zabura in jirginsa mai saurin juyawa ne, ko ya kunna inji ya koma ƙofar da ke kimanin kilomita 12 daga gare shi. Shiyyoyi irin su Tama da Rancer da Amamake sun shahara da irin wannan tarba. Tuƙin kai-da-kai kuwa ba a amfani da shi a wuri mai haɗari, domin yana sauke jirgi nesa da ƙofa ya bar shi yana rarrafawa.

Inda ake samun abokin karawa

Hanya mafi sauƙi ga mai son faɗa shi kaɗai ita ce yaƙin dauloli, wanda aka shigo da shi a 2008 aka kuma yi masa garambawul a Nuwambar 2022. Caldari na yaƙar Gallente, Amarr na yaƙar Minmatar, ɗan wasa kuma yana shiga rundunar sa-kai ta ɓangaren da ya zaɓa. Harbin ɗan rundunar abokan gaba halal ne a dokar wasan, ba ya rage daraja. Ana fafatawa a kan wasu sansanoni masu ƙofar da ke tantance girman jirgi, kuma mafi ƙanƙantarsu firiget kaɗai ke shiga, don haka babban jirgi ba zai faɗo wa sabon shiga a ciki ba. Wanda ya riga shiga yana da rinjaye, domin ya san daidai inda baƙo zai sauka, sai ya tsaya a nisan da ya dace da makaminsa. Kame sansani yana kawo maki da ake canzawa zuwa kaya a sayar, abin da kan isa mayar da jiragen da aka rasa. Sai dai akwai farashi: abokan gaba na iya kai hari ko'ina, har a yankin tsaro, kuma sojojin daular da ake yaƙa suna korar mutum daga ƙasarsu. Jita a ƙasar Caldari take, don haka wanda ya bi Gallente ya yi sallama da zuwa can cikin kwanciyar hankali.

Hanya ta biyu ita ce shiga ayari. EVE University, wadda aka kafa a 2004, aikinta koyar da sababbi ne. Brave Newbies ta taso a 2013 daga sababbin shiga da suka haɗa kai. Akwai kuma ayarin kowa-da-kowa irin na Spectre Fleet, da ba ya bukatar mutum ya bar ƙungiyarsa. Ƙungiyoyi da yawa suna raba ƙananan jirage kyauta, suna kuma biyan wanda ya rasa nasa a aikin ayari. Aikin da aka fi ba sabo shi ne kamu: ya riga kowa isa, ya turke abokin gaba, ya faɗa da baki cewa ya kama, ya yi ƙoƙarin rayuwa har manya su iso. Wani aikin shi ne rikita na'urorin abokan gaba da jirage irin su Griffin da Maulus, waɗanda ke iya hana jirgin da ya ninka su tsada sau ɗari yin harbi yadda yake so. Ana magana ta murya a Discord ko Mumble, galibi da Turanci, kuma ladabin wurin shi ne a yi shiru idan kwamanda na magana, kada kuma a ratsa ƙofa sai ya ce a ratsa.

Manyan yaƙe-yaƙen da ke shiga labarai daga irin waɗannan ayari suke girma. Na shiyyar B-R5RB a Janairun 2014, wanda ya tashi bayan wata ƙungiya ta gaza biyan kuɗin riƙe yankinta, ya ɗauki kimanin sa'o'i 21, aka rasa manyan jiragen Titan 75, aka ƙiyasta asarar da sama da dalar Amurka 300,000. Na FWST-8 a Oktoban 2020 ya shiga kundin Guinness da mahalarta 8,825. Ƙiyasin dala lissafi ne na abin da kuɗin wasan zai kama in aka kwatanta shi da PLEX, wato abin da kamfanin ke sayarwa da kuɗin gaske ana canza shi zuwa ISK. Sayar da ISK a waje haramun ne a dokar kamfanin, kuma yana jawo rufe asusu. A irin wannan taro wasan yana rage gudun lokaci har zuwa kashi 10 cikin 100, ta yadda abin daƙiƙa ɗaya ke cin goma.

Bayan jirgi ya tarwatse

Matuƙi yana zaune ne a cikin wani ƙwanso, wanda ke fitowa idan jirgi ya fashe. Da zarar an ga faɗa ya ɓaci, sai a zaɓi wata duniya mai nisa a yi ta danna umarnin zabura tun kafin fashewar, domin ƙwanson yana tashi kusan nan take. Idan aka fasa shi, matuƙi yana farkawa a sabon jiki a tasharsa ta gida, ƙwarewarsa ba ta taɓu ba, amma na'urorin da ya dasa a kansa sun tafi. Don haka mai koyo ke fita da kai babu dashe, ya kuma mayar da tashar gida kusa da inda jiragensa suke.

Kowane kisa yana barin takardar da ke nuna waɗanda suka yi shi da makamansu. Al'ada ce a rubuta wa juna gaisuwar an yi faɗa mai kyau a zauren hira, kuma da yawa daga waɗanda suka yi nasara suna amsa tambayar wanda suka kayar, wasu har su aiko masa da kuɗin sabon jirgi. Amma damfara a cikin wasan ba laifi ba ce a dokarsa. Masu alƙawarin ninka kuɗi a zauren Jita ba sa mayar da ko ƙwandala.

Ga mai wasa daga Najeriya, agogon wasan yana bayan na gida da awa ɗaya. Ana rufe dandalin na ɗan lokaci kowace rana da ƙarfe 12 na rana agogon Najeriya, kuma daren ƙasar ya yi daidai da lokacin da 'yan wasan Turai suka fi cika fage. Dandalin yana lissafa abubuwan da ke faruwa sau ɗaya a daƙiƙa, saboda haka ɗan jinkirin intanet bai cika yin illa ba kamar yadda yake yi a wasannin harbi. Yankewa ce matsala. Idan wuta ta ɗauke ko sadarwa ta katse, jirgi yana ƙoƙarin zabura da kansa, amma in an turke shi ba zai iya ba. Wanda kuma bai jima da gwabzawa da ɗan wasa ba, jirginsa yana zama a sarari na tsawon minti 15 bayan yankewar, kuma masu na'urar bincike na iya gano shi su ƙarasa shi kafin mai shi ya dawo.